DILLIAN WHYTE: ƊAN DAMBEN DA YA DAƊE A BAKIN ƘOFAR SARAUTA

Gabatarwa

Duk mai bibiyar damben zamani, wato boksin, ya san sunayen Anthony Joshua da Tyson Fury da Deontay Wilder, domin su ne suka riƙe kambunan duniya na ajin masu nauyi a mafi yawan shekarun 2015 zuwa 2021. Amma akwai wani mutum na huɗu da ba a cika kawo sunansa tare da nasu ba, alhali ya kara da biyu daga cikinsu, ya kuma shafe shekaru yana neman na ukun bai samu ba. Wannan mutum shi ne Dillian Whyte, ɗan damben Birtaniya wanda ya faro sana'arsa daga damben naushi da shuri kafin ya koma boksin.

A cikin wannan maƙala zan bi rayuwarsa ta dambe daki-daki, domin amsa tambaya guda: me ya sa mutumin da ya yi shekaru yana lamba ɗaya cikin masu neman kambun duniya bai taɓa ɗaura shi ba? A ganina, ƙarfi da zuciya ba su ne suka yi masa ƙaranci ba. Lokaci ne ya kuɓuce masa a wurare uku: ya shigo boksin a makare, an dakatar da shi yana cikin tashe, sannan aka bar shi yana jiran gado har ƙuruciya ta fara juya masa baya.

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Dillian Whyte a shekarar 1988 a garin Port Antonio da ke ƙasar Jamaika. Yana da shekara 12 ya koma Ingila wurin mahaifiyarsa, ya tashi a unguwar Brixton da ke kudancin birnin Landan, unguwar da ta yi suna da yawan baƙaƙen fata 'yan asalin tsibiran Karibiyan. Ƙuruciyarsa ba ta zo da sauƙi ba. Ya sha gaya wa 'yan jarida cewa ya san yunwa a Jamaika, a Landan kuma an taɓa sukarsa da wuƙa, an kuma taɓa harbinsa da bindiga. Ya zama uba yana ɗan shekara 13, wato nauyin iyali ya hau kansa a shekarun da tsaransa ke tunanin makaranta kawai.

A irin wannan hali ne ya fara zuwa wani gidan horar da 'yan dambe a Brixton mai suna Miguel's. Sai dai abin da ya fara neman abinci da shi ba boksin ba ne, damben naushi da shuri ne. Ya riƙe kambun Birtaniya na masu nauyi a wannan fanni, ya kuma ci na Turai. A shekarar 2008 ma ya taɓa gwada damben keji, wanda ake haɗa naushi da shuri da kokawa, ya gama da abokin karawarsa cikin daƙiƙa 12.

Bambancin Damben Shuri da Boksin

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya fahimci abin da ya raba waɗannan wasanni biyu, domin wanda bai sani ba zai ɗauka duk dambe dambe ne. A boksin hannu kaɗai ake amfani da shi, kuma ba a dukan ƙasa da ƙugu. A damben shuri kuwa an yarda a kai duka da ƙafa, a wasu ƙa'idojin har da gwiwa, kamar yadda ake yi a gasar K-1 da aka faro a ƙasar Japan a 1993. Wanda ya saba kallon damben gargajiya na Hausa ba zai ga baƙon abu ba a nan, tunda shi ma ana sa ƙafa a cikinsa.

Wannan bambanci yana canza komai, tun daga tsayuwa. Ɗan damben shuri yakan tsaya a miƙe, ƙirjinsa na fuskantar abokin karawa, bai cika ɗora nauyinsa a kan ƙafar gaba ba domin yana bukatar ɗaga ta ya tare shuri. Ba ya son sunkuyawa, saboda wanda ya sunkuya ya kai fuskarsa wurin gwiwa ke nan. Shi kuwa ɗan boksin yakan karkata jikinsa ya ba da gefe, ya riƙa kaɗa kai yana zillewa, yana duƙawa yana tasowa. Tazarar da ke tsakanin 'yan wasa ma ba ɗaya ba ce, domin ƙafa ta fi hannu tsawo. Bugu da ƙari, damben shuri yawanci turmi uku ne ko biyar, amma damben neman kambu a boksin turmi 12 ne, kowane turmi minti uku, da hutun minti ɗaya a tsakani. Saboda haka duk wanda ya sauya sheƙa sai ya sake koyon tsayuwa da taku da rabon numfashi, kuma mantawa da abin da jiki ya riga ya saba ya fi koyon sabo wuya.

Whyte ba shi ne na farko da ya bi wannan hanya ba. Vitali Klitschko na ƙasar Yukren ya yi damben shuri kafin ya zama zakaran duniya a boksin. A Birtaniya ma akwai Matt Skelton, wanda ya shiga boksin a 2002 ya haura shekara talatin, ya ci kambun Birtaniya a 2004, ya kuma nemi na duniya a hannun Ruslan Chagaev a 2008 bai yi nasara ba.

Shigowa a Makare

A ƙa'ida, ɗan boksin yakan fara ne tun yana yaro a matakin 'yan sha'awa, wato waɗanda ba a biyansu, inda zai yi wasanni masu yawa yana gogewa kafin ya shiga na kuɗi. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Whyte kuwa sai a 2009 ya yi wasansa na farko a wannan mataki, ya riga ya kai shekara ashirin. Abokin karawarsa a ranar wani matashi ne da ba a sani ba, ɗan garin Watford mai tsatson Nijeriya, wato Anthony Joshua. Whyte ya kai shi ƙasa, ya kuma yi nasara da maki.

Daga nan hanyoyinsu suka rabu. Joshua ya shiga tawagar Birtaniya, ya samu ƙwararrun masu horarwa da tallafi, ya ci lambar zinare a gasar Olamfik ta Landan a 2012. Whyte kuwa saɓani ya shiga tsakaninsa da hukumar damben 'yan sha'awa ta Ingila a kan damben shurin da ya yi a baya, ya bar matakin bai yi wasa goma ba. A watan Mayun 2011 ya shiga damben kuɗi, ba lambar yabo, ba babban mai shirya wasa a bayansa. Abin da wasu suka koya a ɓoye suna yara, shi a gaban jama'a ya koye shi, inda kowane kuskure ke shiga lissafi.

Dakatarwar Shekara Biyu

Ya yi wasanni tara yana cinyewa, sai a watan Oktoban 2012, bayan ya doke Sandor Balogh na ƙasar Hungari, gwajin da aka yi masa ya nuna akwai wani sinadarin ƙara kuzari da aka haramta, wanda ake taƙaita sunansa da MHA. Ya bayyana cewa ya same shi ne a cikin wani garin ƙarin ƙarfi mai suna Jack3D da masu motsa jiki ke sha, kuma bai san akwai haramtaccen abu a ciki ba. Kwamitin da ya saurari ƙarar ya yarda cewa ba da gangan ya yi ba, amma duk da haka aka dakatar da shi na shekara biyu.

Mai karatu zai iya tambaya, in an yarda bai sani ba, hukuncin na mene ne? Amsar ita ce dokar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta ɗora wa ɗan wasa alhakin duk abin da aka samu a jikinsa. Ba sai an tabbatar yana da mugun nufi ba. Shi ne zai nuna cewa ya yi iyakar bincike kafin ya sha, kuma kwamitin ya ga bai yi ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Daga shekara 24 zuwa 26, lokacin da jikin ɗan wasa ke kan ganiyar karɓar horo, Whyte yana zaune a gefe. Cikin wannan tsakanin ne Joshua ya shiga damben kuɗi a 2013, ya fara tara suna.

Haɗuwa ta Biyu da Joshua

Whyte ya dawo a ƙarshen 2014, ya yi ta cin wasanni har lissafinsa ya kai 16 babu faɗuwa. Ranar 12 ga Disamba, 2015 aka haɗa shi da Joshua a zauren O2 da ke Landan, domin neman kambun Birtaniya. Kafin wannan rana Joshua ya yi wasa 14, kuma ba wanda ya wuce turmi na uku a gabansa. A turmi na biyu Whyte ya sakar masa wani naushin hagu mai zagayowa, ƙafafun Joshua suka yi rawa, zauren ya ruɗe. Amma kafaɗar Whyte ta hagu ta samu rauni, gajiya kuma ta kama shi. A turmi na bakwai Joshua ya gigita shi, sannan ya ƙarasa shi da naushin da ke tasowa daga ƙasa zuwa haɓa. Ina so mai karatu ya riƙe wannan naushi a ransa, domin za mu sake haɗuwa da shi.

Wata huɗu bayan haka Joshua ya zama zakaran duniya na hukumar IBF, shi kuwa Whyte yana jinyar tiyatar kafaɗa. Duk da haka faɗuwar ta ɗaga darajarsa, domin jama'a sun ga mutumin da bai ji tsoron dodon da kowa ke gudu ba.

Shekarun Tashe

Daga 2016 zuwa 2019, a ƙarƙashin mai horarwa Mark Tibbs, Whyte ya ci wasanni 11 a jere, kuma yawancinsu ba da ƙananan mutane ba ne. A Oktoban 2016 ya doke Ian Lewison ya ɗauki kambun Birtaniya. A Disambar shekarar ya yi turmi 12 na ba-ni-in-ba-ka da Derek Chisora a Manchester, alƙalai biyu suka ba shi, ɗaya ya ba Chisora. A Oktoban 2017 ya doke Robert Helenius a Cardiff, abin da ya kai shi lamba ɗaya a jerin hukumar WBC.

Shekarar 2018 ita ce ta fi kowace kyau a gare shi. A watan Maris ya kwantar da Lucas Browne na Ostireliya a turmi na shida. A watan Yuli ya doke Joseph Parker, tsohon zakaran duniya na WBO, ko da yake shi ma ya sha ƙasa a turmi na ƙarshe, ya tashi da ƙyar ya kai ƙararrawa. A Disamba kuma ya sake haɗuwa da Chisora, ya yi masa bugun kwaf ɗaya a turmi na 11. Makamansa a wannan zamani su ne naushin hagun nan mai zagayowa da kuma dukan haƙarƙari, wanda ya dace da laƙabinsa na Body Snatcher, wato mai kwashe gangar jiki.

Jiran Gado

A nan ne ya kamata in yi bayanin yadda ake samun kambun duniya, domin ya sha bamban da ƙwallon ƙafa inda jadawali ke nuna wa zai kara da wa. A boksin akwai manyan hukumomi huɗu, WBA da WBC da IBF da WBO, kowace da nata zakaran da nata jerin sunaye. Zama lamba ɗaya a jeri bai wajabta wa zakara ya kara da kai ba. Sai hukumar ta ayyana ka a matsayin mai ƙalubale na dole, ta kuma sa lokaci. Kafin nan zakara yana da damar zaɓen wanda yake so, kuma a bisa al'ada yakan zaɓi wanda zai kawo kuɗi da yawa ko hatsari kaɗan. Ga kuma yarjejeniyar sake karawa da ake sawa a kwantaragi, ga gasar da ke tsakanin masu shirya wasa da gidajen talabijin.

Deontay Wilder na Amurka ne ke riƙe da kambun WBC daga 2015 zuwa 2020, kuma a duk tsawon lokacin da Whyte ke lamba ɗaya ba a taɓa haɗa su ba. Whyte ya yi fiye da kwana dubu yana jira. Sai dai adalci ya sa in faɗi cewa shi ma ya taɓa barin dama ta wuce. A farkon 2019 an yi masa tayin karawa da Joshua, wanda a lokacin ke riƙe da kambuna uku, ya ƙi saboda yana ganin kuɗin da sharuɗɗan ba su dace da matsayinsa ba. A watan Yunin shekarar Andy Ruiz ya samu damar, ya kuma doke Joshua a New York.

A Yulin 2019 Whyte ya doke Oscar Rivas ya samu kambun riƙon ƙwarya na WBC, bayan Rivas ya kai shi ƙasa a turmi na tara da irin naushin haɓar nan. Kwanaki kaɗan bayan wasan sai labari ya fito cewa an ga wani abu a gwajinsa. WBC ta janye matsayinsa, sai a watan Disamba hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi ta Birtaniya ta wanke shi. An mayar masa da matsayin, amma an ɗaga lokacin karawarsa ta dole zuwa 2021.

Naushi Ɗaya a Brentwood

Mai jiran gado a boksin yana tsakanin wuta biyu. In ya zauna ba ya wasa, hannu zai yi sanyi, aljihu ma haka. In ya ci gaba da wasa, faɗuwa ɗaya za ta iya rushe abin da ya gina. Whyte ya zaɓi ci gaba, kuma da manyan mutane. Ranar 22 ga Agusta, 2020, lokacin annobar korona, ya kara da Alexander Povetkin na Rasha a harabar ofishin kamfanin Matchroom da ke Brentwood, babu 'yan kallo. Povetkin yana da shekara 40. A turmi na huɗu Whyte ya kai shi ƙasa sau biyu, kowa ya ɗauka an gama. Da aka shiga turmi na biyar sai Povetkin ya duƙa ya zille wa naushi, ya taso da hagu ya same shi a haɓa. Whyte ya faɗi a sume.

Akwai masu cewa wannan rauni gado ne daga damben shuri, tunda bai saba kaɗa kai ba. Ni ban gamsu da wannan bayani shi kaɗai ba, domin shi kansa Povetkin tsohon zakaran damben shuri ne. Bambancin shi ne Povetkin ya yi shekaru masu yawa a damben 'yan sha'awa har ya ci zinare a Olamfik ta Atina a 2004, inda aka goge masa tsofaffin ɗabi'u. Whyte bai samu wannan makaranta ba, shi ya sa ɗabi'ar ranƙwafowa gaba bayan ya kai naushi, haɓa a buɗe, ta bi shi har girma.

A Maris ɗin 2021 ya rama a Jibiralta, ya tsayar da Povetkin a turmi na huɗu. Amma a lokacin kambun ya koma hannun Tyson Fury, wanda shi kuma yarjejeniya ta ɗaure shi da karawa ta uku da Wilder, wadda ba a yi ba sai Oktoban 2021.

Daren Wembley da Abin da Ya Biyo Baya

Damar ta zo ranar 23 ga Afrilu, 2022, shekara huɗu da rabi bayan nasararsa kan Helenius. Da ɓangarorin biyu suka kasa daidaitawa, aka yi gwanjon shirya wasan, kamfanin Frank Warren ya ci da kusan dala miliyan 41, WBC kuma ta yanke rabon kashi 80 ga Fury, kashi 20 ga Whyte. Mutum 94,000 suka cika filin Wembley. Whyte yana da shekara 34, ya sha wuyar yaƙe-yaƙe, ga shi a gaban mutumin da ya fi shi tsawo da saurin ƙafa. Ya kasa kusantarsa, kuma a ƙarshen turmi na shida Fury ya same shi da naushin haɓa na hannun dama. Ya miƙe yana tangaɗi, alƙalin wasa ya tsayar.

Bayan haka ya doke Jermaine Franklin da ƙyar a Nuwamban 2022. An shirya ya sake karawa da Joshua a Agustan 2023, sai aka soke saura mako guda saboda wani gwajin ya sake nuna matsala. A 2024 aka bayyana cewa bincike ya danganta abin da gurɓataccen maganin ƙarin ƙarfi, ya dawo fage. Ya ci Christian Hammer da Ebenezer Tetteh na Ghana a wannan shekara. Ranar 16 ga Agusta, 2025 a birnin Riyad na Saudiyya, yana da shekara 37, ya gamu da Moses Itauma, matashi ɗan shekara 20 wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne. Ba a cika minti biyu ba aka tsayar da wasan. Lissafinsa bayan wannan dare ya zama nasara 31, faɗuwa 4.

Kammalawa

Idan muka haɗa abubuwan da suka gabata, za mu ga cewa Whyte ya rasa shekarun koyo saboda ya shigo ta wata ƙofa, ya rasa shekara biyu saboda sakacin abin da ya sha, ya kuma rasa fiye da shekara huɗu saboda tsarin hukumomi da kuma shawarar da shi kansa ya yanke. Wani laifin nasa ne, wani na tsarin ne. Da an ba shi Wilder a 2018 ba wanda zai iya rantsewa cewa zai ci, domin Wilder ma naushi ɗaya yake nema. Amma Whyte na 2018 ya fi na 2022 ƙarfi da kaifi, kuma wancan ne ya cancanci a gwada, ba a gwada shi ba.

Duk da haka, yaron da ya taso cikin yunwa a Port Antonio ya doke mutum uku da suka taɓa riƙe kambun duniya, wato Browne da Parker da Povetkin, ya kuma tsaya a gaban mutum 94,000 yana neman sarauta. Tarihin dambe yakan adana sunayen masu kambu ne kawai, shi ya sa na ga ya dace a rubuta labarin wanda ya kai bakin ƙofa, domin a san irin tafiyar da ya yi da kuma abin da ya tsayar da shi.